Tiny Tapeout: na biya an ƙera min cip ɗin kaina, ga yadda abin yake daga nan Garwa

Jama'a tunda na ɗora hoton fanel ɗin nan mai ɗan baƙin cip a tsakiya tambayoyi suka yi min yawa, wani yace nawa ne, wani yace wai da gaske ni na haɗa aisi (IC, wato shi cip ɗin) da hannuna, wani ɗan'uwa daga Kusuri ma cewa yayi in turo masa guda goma zai kai Njamena ya saida. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Ni dai mai gyara ne, talabijin da dikoda da inbata da caja, duk abinda ke da fanel a ciki ana kawo min. Ban haɗa aisi da hannuna ba, ba wanda ke haɗa irin wannan da hannu. Abinda nayi shine na zana abinda nake so ya kasance a cikin cip ɗin, na biya wasu mutane da ake kira Tiny Tapeout, su kuma suka haɗa zanena da na wasu mutane fiye da 200 suka kai masana'anta a Amurka aka ƙera shi a silikon na gaske. Aikinsu yayi kyau, abinda suka ce zasu yi sun yi, amma duk wanda zai zuba kuɗinsa ya san me yake saye, domin ba kayan saidawa zaka samu ba kuma ba abinda zai sauƙaƙa maka aiki a shago bane, karatu kake biya, kuma abin mamakin ma mafi yawan karatun kyauta ne tun kafin ka cire ko dala ɗaya daga aljihu.

Dalilin da yasa ƙaramin mutum bai iya yin cip a da shine kuɗin farawa. Kafin masana'anta ta buga maka ko guda ɗaya sai an yi wasu farantai na gilashi masu ɗauke da zanen, kowane hawa na cip ɗin da nasa farantin, da su ake haska zanen akan faifan silikon, kuma kuɗin farantan nan ɗaya ne ko cip ɗaya kake so ko miliyan. Shi yasa tun tuni masana suka fito da dabarar haɗa zanen mutane da yawa akan faranti ɗaya, Lynn Conway ta gwada haka da ɗaliban jami'o'in Amurka a 1979, a 1981 aka kafa MOSIS tana yiwa jami'o'i wannan aikin. Watanda ce kawai, yadda muke haɗa kuɗi mu sayi sa ɗaya da sallah a yanka kowa ya ɗauki kasonsa. Sai dai ko kason ma a da yafi ƙarfin talaka, kuma sai ka sa hannu a takardar rufe sirri kafin masana'anta ta nuna maka ƙa'idojin zanenta. A 2020 Google da kamfanin SkyWater na jihar Minnesota suka saki ƙa'idojin tsarinsu na nanomita 130 (ma'aunin ƙanƙantar sassan cikin cip kenan) a fili kowa ya ɗauka, wani kamfani Efabless ya rinƙa saida gurbi ɗaya akan dalar Amurka 9,750, sai wani Bature Matt Venn a 2022 yace to bari shima ya sayi gurbi ɗaya ya ƙara yanka shi ƙanana-ƙanana ya saida wa irinmu. Shine Tiny Tapeout. Da shi da Uri Shaked mai manhajar Wokwi suke tafiyar da abin da wasu abokan aikinsu.

Nanomita 130 tsohon yayi ne, da irinsa ake yin Pentium 4 wajen 2002, wayar da ke hannunka ta wuce nan nesa ba kusa ba. Amma ga mai koyo wallahi ya isa har yayi yawa.

Filin da aka bani a cikin cip ɗin a lokacin ɗan mitsitsi ne, wajen maikuromita 160 a 100, wato ko kashi ɗaya cikin biyar na milimita bai kai ba ta tsawo. A ciki zaka iya cusa ƙofofin lissafi kamar 1,000, irin su AND da OR da NOT ɗin da aka koya mana a lise teknik. Ƙafafu 24 ne naka, 8 na shiga, 8 na fita, 8 kuma ka juya su yadda kaga dama, sai ƙafar kulok, wato bugun da cip ke bi wajen aiki, da ta riset mai maida komai farko. In kana tunanin ajiye bayanai a ciki ka sauke buri, fili ɗaya ko ka cika shi da filif-filof zalla, wato ƙananan ma'ajiya masu riƙe 0 ko 1, abinda zai riƙe bai wuce bayit 40 ko kusa da haka ba, ko saƙon gaisuwa mai ɗan tsawo bazai shiga ba. Ana iya sayen fili biyu, huɗu, takwas a haɗe su amma kuɗi na hawa.

Abinda na zana ba wani abin azo a gani bane, agogon jinkiri ne na firigo. Kowa a nan ya san yadda wuta ke yi mana musamman daga Maris zuwa Mayu in ruwan Lagdo ya ja baya ga zafi ya haura 40, a ɗauke a dawo a ɗauke a dawo, kuma kwamfuresa in aka kashe shi aka kunna nan take kafin iskar gas ɗin ta daidaita sai ya ƙi tashi ya rinƙa jan wuta yana zafi, a haka da yawa ke ƙonewa, masu saida ruwan sanyi da kankara da folere sune suka fi shan wahala. Maganin shine in wuta ta dawo a jira minti uku ko biyar kafin a saki. To nawa zanen ƙirga lokaci kawai yake. Ana bashi bugun kulok 32,768 a daƙiƙa, irin na ƙaramin kiristal ɗin agogon hannu, lambar nan in ka rinƙa raba ta biyu sau 15 zata dawo 1 cif, kenan filif-filof 15 a jere sun baka daƙiƙa ɗaya, wasu 6 su ƙirga zuwa 60 su bada minti, wasu 3 su ƙirga mintocin. 24 kenan gaba ɗaya, sai 'yan ƙofofin da ke kwatanta mintin da aka kai da wanda ka zaɓa a makunnai, da masu rubuta lambar akan ɗan allon nan mai sanduna bakwai. In lokaci ya cika ƙafa ɗaya ta tashi, shikenan.

Wajen zanen ne na fara jinjina musu. Ba sai ka sauke komai a kwamfutarka ba, Wokwi a burauza yake, ka jawo ƙofa ka ajiye ka ja waya daga nan zuwa can, ka danna maɓallin gwaji kaga lambobi na canzawa, kamar kana haɗawa akan tebur sai dai ba soda ba ƙona yatsa. Wanda ya iya Verilog, yaren da ake rubuta zanen cip da shi, zai iya rubutawa kai tsaye kuma shi yafi ga babban aiki, amma ɗan abu irin nawa Wokwi ya wadatar. Daga nan sai ka kwafi samfurin da suka ajiye a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja a intanet, ka cike wani fayil info.yaml da sunan aikin da lambar zanenka na Wokwi da bayanin kowace ƙafa, ka rubuta yadda za'a gwada shi, ka tura. Abinda ke biyo baya shine yafi burge ni a matsayina na mutumin Garwa: duk aikin nauyin, wato maida zanen zuwa ainihin ƙananan sassan masana'anta da jera su da ja musu wayoyi da duba ko an karya wata ƙa'ida, a kan injinan GitHub ake yinsa da manhajoji na kyauta irin su Yosys da OpenROAD, ba a kan tsohuwar kwamfutata ta gwanjo ba. Ka tura, a ɗauke wuta, rezo ya gudu, kaje kayi la'asar ka dawo ka duba a waya ka tarar ya gama, ko koren maki ko jan kuros. Wanda bai zauna inda wuta ke wasa da mutane ba bazai gane girman wannan ba.

In ya bada kore akwai shafin da zai nuna maka zanen ta sama da kuma wanda zaka juya shi ta ko'ina da yatsa, kaga hawa-hawan ƙarfe sun hau juna, wasu a tsaye wasu a kwance, ga ƙananan ramukan da ke haɗa hawa da hawa, can ƙasa kuma layukan tiransisto. Yaron shagona da ya gani shiru yayi can yace "Maigida, dama haka cikin aisin da muke cirewa mu yar yake?" Nace haka yake, sai dai nasu ya ninka wannan sau dubbai. Tun ranar in zai cire aisi a fanel a hankali yake yi. Kuma duk wannan da nake faɗa har zuwa nan ba'a karɓi ko sisi ba, sai kuɗin data. Akwai ma wani abu nasu SiliWiz shima a burauza, inda zaka zana tiransisto guda da kanka hawa bayan hawa ka ga yadda yake amsa wuta, na shekara da shekaru ina auna tiransisto da mita amma sai a nan na ga dalilin da yasa faɗin ƙofarsa ke canza ƙarfinsa.

Wata shawara da na samu a zaurensu na Discord wadda ta cancanci a faɗa: wani yace min in ware ƙafa ɗaya ta gwaji wadda in an ɗaga ta zata tsallake filif-filof 15 ɗin farko, don kar in zauna jiran minti biyar na gaske duk lokacin da zan gwada, a cikin kwamfuta ma bugu miliyoyi ne sai ta gaji. Ƙofa biyu uku kawai ya ci min amma ya sauƙaƙa komai. Mutanen wurin basu da girman kai gaskiya, tambayar da kai kanka kana jin kunyarta zasu amsa maka, wani lokaci ma su masu abin ne ke amsawa. Sai dai da Ingilishi ake komai, bayanan shafin, bidiyoyin YouTube, saƙon kuskuren da injin ke fitarwa. Mu da muke shiga Mubi da Yola sayen kaya muna ɗan taɓawa, amma yaran da suka yi karatu da Faransanci zalla sai sun haɗa da fassarar burauza, ita kuma in ta zo kan kalmomin sana'a sai ta rinƙa kwaɓa.

Sai maganar kuɗi. Zagaye-zagaye suke tara zanuka su kai masana'anta, ni na shiga zagaye na shida wanda aka rufe a watan Afrilun 2024, lokacin fili ɗaya da cip ɗaya da fanel ɗin gwaji dalar Amurka 300 ne, wajen sefa dubu 180 kenan, ƙarin fili kuma 50, akwai rangwame ga waɗanda suka riga shiga amma gurbin kaɗan ne ana wawashe shi da wuri. Yanzu da Yuro suke lissafi kuma farashin na canzawa daga zagaye zuwa zagaye, a duba shafinsu kafin a yi kasafi, sauƙin dai namu sefa a ɗaure yake da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ruwanka da tashin canji irin na 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Abin lura, zaka iya sayen fili kawai ba tare da fanel ba, zanenka ya shiga cip ɗin amma ba'a aiko maka komai ba, kuma wannan ne ya buɗe wata hanya da zan faɗa a gaba.

Biyan da kati ne, kuɗin waya da muka saba da shi baya shiga. Katin bankina ƙin wucewa yayi, naje reshe aka ce sai an buɗe min sayayyar waje, aka ce in dawo, na dawo aka ce wanda ke yi baya nan, ƙarshe wani yayana da ke Duwala ne ya biya da nasa na tura masa ta waya. Adireshinsa na bayar kuma don mu nan in kace bayan masallaci kusa da mai shayi ba ɗan aiken da zai gane daga Turai. Da kayan ya iso an karɓi kuɗin shigowa, shi kuma ya bada a motar azans, ka ƙara wannan duka a lissafinka, ni dai gaba ɗaya ya haura dubu 200 da ɗan wani abu.

Jira kuma sai ka shirya masa. Daga rufe zagaye zuwa kaya a hannu abu ne na watanni, kusan shekara in ka haɗa da hanyarmu, kuma sun faɗa tun farko basu ɓoye ba. Faifan silikon sai ya bi matakai ɗaruruwa a masana'anta, a yanka shi, a rufe kowane ƙwaya a cikin baƙin gidansa, a manna a fanel, a gwada. In akwai kuskure a zanenka ba gyara, ba waya da zaka tsinke ka sake haɗawa, sai wani zagayen da wani kuɗin. Kuma harkar tana da haɗarinta, a farkon 2025 Efabless ya rufe saboda rashin kuɗi, zagayen da ke hanya a lokacin suka tsaya cak na wani lokaci. Tiny Tapeout basu mutu ba, suka koma aiki da cibiyar IHP ta Jamus wadda itama ta saki ƙa'idojin nata tsarin na nanomita 130, daga baya wani sabon kamfani ChipFoundry ya ɗauki hanyar SkyWater ɗin. Na kawo wannan ne don mutum ya san kuɗin da zai saka ya zama wanda in ya kwana shekara a waje ba zai hana shi cefane ba.

Abinda ya zo min a kwalin fanel biyu ne, ƙarami mai ɗauke da cip ɗin wanda ke zama a kan babba. Babban yana da ramin USB-C, makunnai takwas, allon lamba mai sanduna bakwai, ramukan da ake soka wasu ƙananan fanel, da kuma wani cip mai sarrafawa RP2040 na kamfanin Raspberry Pi wanda ke tafiyar da komai da manhajar MicroPython. Aikin fanel ɗin tsaf, sodar tayi kyau, rubutun kan ƙafafu a bayyane. Ka soka a kwamfuta ka buɗe shafinsu na Commander a Chrome, ya gane fanel ɗin, ya jero maka duk zanukan da ke cikin cip ɗin, ka zaɓi naka, ka saita gudun kulok, ka danna. Na saka minti uku a makunnai, lamba ta fito 0, na zuba ido, ta koma 1, ta koma 2, tana cika 3 ƙafar ta tashi mita ta nuna volt 3.3. Ba zan yi ƙarya ba naji daɗi sosai, har mai shagon kusa da ni ya leƙo yace Malam lafiya kake dariya kai kaɗai.

Kuma ba naka kaɗai ka saya ba, wannan ne garaɓasar da mutane basu lura da ita. Cip ɗin kowa iri ɗaya ne, duk zanen mutum 200 da ɗoriyan nan suna cikin nawa, nawa ma yana cikin nasu, kuma sharaɗin shiga shine zanenka a buɗe yake kowa ya gani. Akwai littafin bayani na zagayen gaba ɗaya, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wani yayi ƙaramar kwamfuta mai tsarin RISC-V, wani abin kiɗa, wani wasa da ake haɗawa da allon VGA, wani ɗan makaranta ƙirga kawai yayi daga 0 zuwa 9. Wanda ya burge ka sai ka buɗe GitHub ɗinsa ka karanta yadda yayi. Na fi ɓata lokaci akan na mutane fiye da nawa, wasu basa aiki yadda masu su suka rubuta, wasu bayanin gwajin nasu layi ɗaya ne ba ka gane komai, wannan kuma laifin masu zanen ne.

To ga inda nake so masu cewa in turo musu goma su saurara. Na farko guda ɗaya ake baka. Na biyu, tunda zane ɗaruruwa ke raba ƙafafu ɗaya, duk lokacin da aka kunna sai an gayawa cip ɗin wane zane zai buɗe, kuma RP2040 ɗin ne ke wannan aikin, shi ke bada kulok ɗin ma. Wato don agogon firigona ya tashi sai da taimakon wani cip wanda shi kaɗai zai iya yin aikin agogon sau dubu yana hamma. Ana iya saita shi a fayil ɗin config.ini ya rinƙa zaɓar naka da kansa in wuta ta zo, nayi hakan kuma yana yi, amma dai gaskiyar bata canza ba. Ƙafar fitar ma bata da ƙarfin jan rile, sai ka sa tiransisto a tsakani da dayod, ga wutar volt 5 da zaka tanada daban. Aikin da na kashe wa sama da dubu 200, NE555 na ɗari biyu da kondansa da rezistans zasu yi shi, aisin da ke kasuwa tun 1972, ko ka sayi na'urar kare firigo da aka riga aka haɗa a babbar kasuwa ka huta. Kawuna da ya ji lissafin cewa yayi "kai yaro, da kuɗin nan ai ka ƙara firiza ɗaya a gida." Ban yi musu ba, ta fuskar ciniki shi ke da gaskiya.

Wasu kuma na tambaya me zai hana mutum ya ƙera a gida gaba ɗaya tunda silikon daga yashi ake samu, ga yashi har ya ishe mu a bakin Binuwai. Akwai wanda yayi, Sam Zeloof, wani saurayi a New Jersey, a garejin gidansu ya fitar da cip mai tiransisto 6 a 2018, a 2021 ya kai 1,200, kwatanta da Intel 4004 na 1971 mai 2,300. Amma shima faifan silikon ɗin saye yayi ba daga yashi ya tace ba, ga tanderu mai zafin digiri 1,000, ga tsofaffin injina na masana'antu da ya tara, ga sinadarai irin asid ɗin haidurofulorik wanda in ya taɓa fata yana ratsawa har ƙashi kuma yana kisa. Sannan ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe tiransisto, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ko waya ka ajiye minti goma sai ka share. Kar wani yaro ya kalli bidiyo yaje neman asid, don Allah.

Wanda burinsa kawai ya iya Verilog ya ga abu na motsi yau-yau, ya nemi ƙaramin fanel na FPGA, wato cip ɗin da aka riga aka ƙera wanda kake loda masa zanenka, irin Tang Nano, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba kuma zaka goge ka sake sau dubu. Abinda FPGA bazai nuna maka ba shine ƙasan abin, yadda zane ke zama ƙarfe da silikon, me yasa waya mai tsawo ke jawo jinkiri, me yasa filif-filof ke cin wuri fiye da ƙofa, me yasa dole kayi riset don in wuta ta zo ba wanda ya san ko 0 ko 1 zai farka da shi. Nan ne Tiny Tapeout ya fi, kuma tun daga zagayen da na shiga har zanen analog suna karɓa ga waɗanda suka yi nisa.

Waɗanda nake ganin abin zai fi yiwa amfani sune malaman lise teknik da ɗaliban lantarki na IUT da ENSAI a Ngaundere da na Politeknik ɗin Marwa, da irinmu masu gyara da muke son sanin abinda ke ƙarƙashin baƙin robar. Kuma kar kowa ya biya cikakken kuɗi shi kaɗai kamar yadda nayi. Tunda cip ɗin kowa ɗaya ne, mutum goma zasu iya sayen fili goma kowa nasa, a sayi fanel ɗaya tak a ajiye a makaranta ko a shagon wani, duk zanen goman suna cikinsa, kowa yazo ya zaɓi nasa ya gwada. Kuɗin kowa zai sauko sosai, kuɗin kawowa ma sau ɗaya ne. Malami kuma zai iya kai aji guda har matakin koren maki da kallon zanen ba tare da an biya komai ba, sai a zaɓi biyu uku mafi kyau a tura.

In kun yanke shawarar shiga, ku biya ku tura zanen da wuri ko bai gama kyau ba, ana barinka ka sake tura sabo har zuwa ranar rufewa, amma fa sai ka koma shafin nasu ka danna ya ɗauki sabon, gyara a GitHub kaɗai bai isa ba. Lokacin rufewar da agogon UTC suke rubuta shi, mu da Cadi muna gaba da awa ɗaya, kuma kar a bari sai daren ƙarshe don ranar ne kowa ke turawa kuma ranar ce rezo zai ga damar tafiya. In fanel ɗin ya iso da hunturu a taɓa ƙarfen ƙofa ko wani abu mai haɗe da ƙasa kafin a kama shi, wutar jikin nan da ke tartsatsi in an cire rigar sanyi ta isa ta lalata cip ɗin, kuma ba shagon da zaka je ka sayo wani.